Yadda Ake Siffanta Kwastoma da Turanci a Littafin Shago da Rahoton Kamfani

Mai shagon taki a Kura, da mai POS a bakin kasuwar Gujungu, da matashin da ke tara wa kamfani riɗi a Maigatari, duk da Hausa suke cinikinsu tun daga sallama har zuwa "Allah ya sa albarka". Turanci ba ya shigowa sai an zo rubutu: fom ɗin kamfanin da ya ba ka dilanci, rahoton ƙarshen wata da za ka tura wa manaja ta WhatsApp, ko takardar neman rance inda banki ya ce ka bayyana irin mutanen da ke sayen kayanka. A nan ake cijewa. Ka san mutumin ciki da bai, ka san ranar da yake zuwa da yadda yake biya, amma kalmar da za ta ɗauke wannan duka ta ƙi zuwa. Sai ka rubuta "good customer" a gaban mutum goma, "bad customer" a gaban uku, ka tura. Wanda zai karanta a ofis a Kano ko Legas bai ƙaru da komai ba, alhali a kan takardar nan zai yanke ko a ƙara maka kaya bashi ko a hana ka.

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da aikin: kada ka liƙa wa mutum kalmar da ba za ka iya buɗe littafi ka nuna dalilinta ba. Kalma mai amfani ita ce mai faɗin abin da kwastoma yake yi, sau nawa yake zuwa, nawa yake ɗauka, yaushe yake biya. Wadda take faɗin yadda ranka yake ji da shi, ka bar ta a ranka.

Fara da tantance wane ne kwastoman

A kasuwanninmu kalmar kwastoma baki biyu gare ta. Mai sayarwa yana kiran mai saye kwastoma, ita ma matar da ta saba sayen manja a rumfa ɗaya za ka ji ta ce bari ta je wurin kwastomanta. Haka "abokin ciniki" yake, kowa abokin kowa ne. A Turancin takarda ba haka ba ne. "Customer" mai saye ne kaɗai. Wanda yake kawo maka kaya kana biyansa "supplier" ne, wani fom ɗin kuma ya kira shi "vendor".

Wannan kuskure ya fi kama masu tara amfanin gona. A ce kana sayen riɗi ko zoɓo a hannun manoma 40, kana haɗawa kana kai wa kamfani guda a Dawanau. Manoman nan su ne "suppliers" ɗinka. Kwastomanka ɗaya ne tak, kamfanin, kuma in akwai yarjejeniyar cewa shi zai kwashe duk abin da ka tara, sunansa "off-taker". In ka rubuta wa banki kana da "40 customers", ma'aikacin zai ɗauka ta ƙofa arba'in kuɗi ke shigo maka, alhali ƙofa ɗaya ce, in ta rufe an tashi. Ranar da ya zo dubawa ya tarar ba haka ba, ba zai ce kalma ce ta kuɓuce maka ba, zai ce ka ƙara gishiri.

Kalmar tana da 'yan'uwa da ba a musanya su da ita. "Client" shi ne wanda ake yi wa aiki, kamar mai zuwa wurin lauya ko wanda ya ɗauko mai awon fili. "Consumer" shi ne wanda zai ci kayan ko ya yi amfani da su a ƙarshe: mai kantin da ya sari katan ɗin taliya a wurinka kwastomanka ne, matan da za su dafa ta su ne "consumers". A asibiti "patient" ne, a mota "passenger", a layin waya "subscriber", a shirin tallafi na gwamnati ko na ƙungiya "beneficiary". Dilan da ake raba takin tallafi ta hannunsa kada ya haɗa masu cin gajiyar tallafin da masu saye da kuɗinsu a shafi ɗaya, domin lissafinsu daban ake nema.

A kula da rubutun kalmar "customer" ma. Bayan c harafin u ne. "Costumer" mai ɗinka kayan 'yan wasan kwaikwayo ne, "customs" kuma kwastan ne irin na kan iyakar Maigatari. Waya ba za ta gyara maka ba, tunda duka ukun kalmomi ne na gaskiya.

Kalmomin zuwa da dawowa

Wasu ba su da wahala. "New customer" sabo ne, "first-time customer" yau ne farkon sayensa, in ya dawo ya zama "repeat customer" ko "returning customer". "Walk-in customer" shi ne wanda ya faɗo haka nan ba oda ba alƙawari, kamar fasinjan da motarsu ta tsaya shan mai ya zo cire kuɗi. "One-off customer" ya saya sau ɗaya, ba a sa ran sake ganinsa. "Occasional customer" mai zuwa jefi-jefi ne. Wanda bai taɓa saye ba amma ya tambayi farashi har ya karɓi lambarka, shi ne "potential customer" ko "prospective customer". Ka ware masa shafinsa, kada ka ƙirga shi cikin masu saye, don tayi ba ciniki ba ne.

Inda ake yawan zamewa shi ne tsakanin "regular" da "loyal". Ta farko maganar lokaci ce, mutum yana zuwa a kai a kai. Ta biyu maganar zaɓi ce: yana da wurin da zai je, wataƙila har an yi masa tayin ragi a can, amma ya tsaya a wurinka. In kai kaɗai ne mai POS a ƙauyenku, duk masu zuwa maka kullum "regular" ne, kuma ba ka san "loyal" a cikinsu ba sai ranar da wani ya kafa lemarsa a tsallaken titi ya rage caji. Dilan da ya ɗauki masu zuwa don ba su da zaɓi a matsayin masu amana zai sari kaya a kan wannan lissafin, wani ya buɗe shago kusa da shi, kaya su kwanta masa. Kuma "loyal" da l ake rubuta ta. "Royal" ta gidan sarauta ce.

Kowace kalma ka ɗaura mata lamba. Kasuwannin karkara mako-mako suke ci, Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, saboda haka wata yana da kasuwa huɗu, wani lokaci biyar. Ma'aunin da ya dace da mai rumfa a irin wannan wuri shi ne: wanda ya zo kasuwa uku cikin huɗu har wata uku a jere, "regular" ne, wanda ba ya wuce sau ɗaya a wata, "occasional". Mai kantin cikin gari da ke buɗewa kullum yana iya sa nasa a sau biyu a mako. Ba dole ba ne ma'auninka ya zo ɗaya da na maƙwabcinka. Abin da yake dole shi ne ka rubuta shi a shafin farko na littafin, ka auna kowa da shi, ɗan'uwa da bare.

Haka manyan ma'aikatu suke yi. A ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, asusun da mai shi ya yi wata shida bai motsa shi ba "inactive" ne, in ya cika shekara ya zama "dormant". Kamfanin wuta irin KEDCO, mai kula da Kano da Jigawa da Katsina, yana raba kwastomominsa daga "Band A" zuwa "Band E" bisa mafi ƙarancin awoyin wutar da aka ware musu a rana: 20, 16, 12, 8, da 4. Mai sayen wuta kafin ya sha "prepaid" ne, mai biya bayan an kawo bil "postpaid". Duk cikinsu babu "good" babu "bad", kowace kalma akwai adadi a bayanta.

Mai sayar da taki da iri da maganin feshi kuwa, kalmar da ta fi yi masa aiki ita ce "seasonal". Manomin gero da dawa a Gumel ko Babura zai yi ta zirga-zirga daga Mayu zuwa Agusta, daga nan sai baɗi in Allah ya kai mu. In ka ga ya ɗauke ƙafa ka rubuta masa "inactive" a Janairu, ka yi masa ƙarya; bai bar ka ba, gonarsa ce ke hutu. Wanda ya kamata ka sa wa ido shi ne manomin rani na Kadawa ko na fadamar Haɗejiya da ba a gan shi ba a Nuwamba da Disamba, lokacin shukar alkama da dashen tumatir. Wanda lokacinsa ya zo ya wuce cur bai leƙo ba, shi ne "lapsed customer". Irin wannan ba rubutu kawai yake buƙata ba. Ka kira shi ku gaisa ka ji ko lafiya, domin sau da yawa ko rashin lafiya ce, ko wani abu ya ɓata masa rai a shagon bai faɗa ba.

Sai "tsohon kwastoma", wanda a Hausa yake ɗauke da mutum uku. Wanda ya daɗe yana saye kuma har yanzu yana nan "long-standing customer" ne. Wanda ya daina zuwa "former customer" ne. Dattijo mai shekaru "elderly customer". In ka rubuta "old customer", mai karatu zai zaɓi wadda ta zo masa, kuma yana iya cire mutumin da ya shekara goma yana saye daga jerin waɗanda za a yi wa rangwame, a zatonsa ya daina zuwa. Ka guje ta gaba ɗaya.

Girman saye

Nan ba a daɗewa. Mai sayen mudu ko kwano ko leda "retail customer" ne. Ɗan sari "wholesale customer", in kana son nuna cewa sayarwa zai je ya yi sai ka ce "reseller". "Bulk buyer" mai ɗaukar da yawa ne a lokaci guda ko da ba don sayarwa ba, kamar ƙungiyar manoma da ta haɗa kuɗi ta ɗauki buhu 100 na yuriya. "Major customer" ko "key customer" shi ne wanda kaso mai tsoka na cinikinka yake hannunsa. Wannan ba ta da alaƙa da rawani ko babbar riga: mai sarauta yana iya zama mai sayen buhu biyu a shekara, yaron da ke zuwa a kan babur kuma shi ne ke kwashe rabin kayanka. Dillali "broker" ne ko "agent", la'ada yake ci, saboda haka a layin kwastoma sunan mai kuɗin za ka sa.

Biya da bashi

A nan kalma take taɓa aljihu da mutunci tare, don haka a bi a hankali.

"Cash customer" mai biya nan take ne, ko tsabar kuɗi ko tiransifa. "Credit customer" shi ne wanda kuka yi da shi zai ɗauka ya biya daga baya. Babu zargi a cikinta ko kaɗan. "Prompt payer" yana biya ranar da aka yi ko kafin ranar. "Reliable" shi ne in ya faɗa ya cika. "Creditworthy" na nufin ya cancanci a ba shi bashi, kuma tunda hukunci ce, kada ka ba da ita don kun yi makaranta tare ko kuna sallah a sahu ɗaya. Ka jira sai mutum ya ɗauki bashi aƙalla sau uku ya biya a kan lokaci. "Slow payer" ko "late payer" yana biya, amma sai an bi shi, sai rana ta wuce.

"Debtor" shi ne duk wanda ake bi bashi, ko da ranar biya ba ta zo ba, kuma ba a furta b ɗin da ke cikinta. "Creditor" shi ne mai bin bashin. Mutane da yawa suna juya su, kuma juyin yana da tsada. In kana nufin kana bin mutum 12 ka rubuta "I have 12 creditors", ka gaya wa kamfani mutum 12 ne ke bin ka, wato kai ne ka nutse a bashi. Hanyar riƙewa mai sauƙi: "debtor" da d ta fara, shi ne wanda ya ɗauka.

Kuɗin kansa yana da siffofinsa. "Outstanding balance" sauran da ba a biya ba ne, ko wa'adi ya yi ko bai yi ba. "Overdue" na nufin wa'adi ya wuce. A nan akwai tarko: in ka ɗauke kalmar daga kan kuɗi ka ɗora ta a kan mutum ka ce "outstanding customer", ma'anar ta koma kwastoman da ya yi fice, wanda babu kamarsa. Mai son kai ƙarar wanda ya riƙe masa kuɗi sai ya wayi gari ya yabe shi. "Bad debt" kuma bashin da aka fid da rai da shi ne. Siffar kuɗi ce, ba a kiran mutum da ita.

Mafi nauyi ita ce "defaulter". Ba ta hau kan mutum sai abu uku sun haɗu: wa'adi ya wuce, an tuna masa, kuma bai biya ba bai zo an sake wa'adi ba. Bankuna kan ɗauki rance a matsayin wanda ya lalace bayan kwana 90 da wucewar wa'adi, kuma mai shago zai iya aron wannan tsanin. Daga kwana 1 zuwa 30 ka rubuta "late". Daga 31 zuwa 90 ka rubuta "overdue" tare da ranakun da ka tuna masa. Sai bayan 90, in ya ɓoye ko ya ƙi magana, sannan "defaulter". Kamfanoni da ƙungiyoyin ba da rance suna cire wanda aka sa wa wannan suna daga rabon baɗi, wani lokaci har da 'yan ƙungiyarsa da suka tsaya masa. Kalma ɗaya da aka rubuta cikin fushi tana iya hana gida guda taki damina sukutum.

Duk wannan tsanin a kan rana yake tsaye, kuma nan ne bashin karkara yake da rauni. "Sai kaka" ba wa'adi ba ne. Gero yana shigowa gida wajen Satumba, dawa sai wajen Nuwamba; mai shago yana nufin kakar gero, manomi yana nufin ta dawa, kowa kuma yana da gaskiyarsa. In babu ranar da aka ambata, ba ka da ikon kiran kowa "late". Ka sa rana da wata, ka faɗa masa da baki a gaban shaida, ka rubuta yana kallo. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, a kan rubuta bashi zuwa wa'adi ambatacce ta sauka, aya ta 280 kuma ta yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Manomin da ruwa ya cinye gonarsa, kamar yadda ambaliyar 2022 ta yi wa dubban manoma a yankin Haɗejiya da Ringim, ba "defaulter" ba ne. Ku zauna ku sake rana, ka rubuta "rescheduled" da sabuwar ranar da dalilin.

Ga yadda layin mutum ɗaya ya kamata ya fito: "Seasonal credit customer. Took 6 bags of NPK on 12 June. Due 30 November. Paid for 4 bags. Balance outstanding, not yet overdue." Wato mai saye ne na damina, yana ɗauka bashi, ya ɗauki buhu shida na takin NPK ranar 12 ga Yuni, wa'adinsa 30 ga Nuwamba, ya biya na huɗu, saura na biyu, kuma ranarsa ba ta yi ba. Duk wanda ya karanta wannan, ko bai taɓa taka garin ba, ya san matsayin mutumin kuma ya san ba a aika masa yaro yanzu.

Siffofin hali

Waɗannan su ne suka fi yawa a littattafan koyon Turancin kasuwanci, kuma su ne suka fi buƙatar taka-tsantsan. "Price-sensitive" shi ne wanda farashi ke juyawa, ɗan bambanci kaɗan sai ya koma rumfar gaba. "Bargain hunter" mai bin inda ake ragi ne. Amma a tuna cewa a ƙasashen da waɗannan kalmomi suka fito farashin kanti a rubuce yake, ba a tayawa. Mu kuwa a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, shi ne cinikin kansa. Wanda ya taya kaya bai yi abin da za a rubuta ba. "Cheap customer" da "stingy customer" zagi ne tsagwaronsa, daidai da ka kira mutum marowaci.

Kalmomi uku ake cuɗawa: "demanding", "particular", da "difficult". Na farko yana son a yi masa da yawa kuma da sauri. Na biyu yana da takamaiman abin da yake so: shi ne mai sayen maganin feshi da sai ya juya kwalba ya duba ranar lalacewa, ya duba ko an taɓa murfin, ya ce a canza masa in rubutun ya goge. Na uku ko an yi masa daidai ba ya gamsuwa. Yawancin waɗanda yaran shago ke kira "difficult", in ka bincika "particular" ne kawai, ko "well-informed", wato sun san kaya. Irinsu alheri ne ga shago, su ne ke gano katan ɗin da ya lalace kafin ya ƙone wa wani gona a ɗora maka laifi.

"Indecisive" mai kai-kawo ne wajen zaɓi, "window shopper" mai kallo ya wuce, "impulse buyer" wanda bai fito da niyyar saye ba ya gani ya saya. "Polite", "patient" da "understanding" yabo ne, mai ladabi, mai haƙuri, mai uzuri. "Impatient" mai gaggawa ne, amma kada ka sa wa mutum ita saboda ranar da netwok ya tsaya aka cire masa kuɗi ba su fito ba. A ranar kowa haka yake. "Rude" da "abusive" ba a rubuta su sai da rana da abin da ya faru. "Stubborn", "wicked" da "illiterate" ba su da gurbi a takardar kasuwanci. "Local customer" ma'anarta ɗan gari ko na kusa, kuma a nan kaɗai za ka tsayar da ita, ban da raini irin na "ɗan ƙauye" da wasu ke cusa mata.

Masu POS su kula da "fraudulent" da "fraudster". Alat na bogi gaskiya ne, yana faruwa, amma jinkirin netwok ma yana faruwa, kuma a minti goma na farko kamanninsu ɗaya. Maganin shi ne kada ka saki kuɗi sai ka ga shigarsu a naka asusun, ba a fuskar wayarsa ba. Wajen rahoto kuma ka ɗora siffar a kan cinikin: "suspicious transaction", da lokaci, da adadi, da abin da ka gani. Kiran mutum ɗan damfara a rubuce ba tare da hujja ba yana iya kai ka gaban alƙali.

Sai bambancin wutsiya biyu, "-ed" da "-ing", wanda ya fi kowane kuskure juya magana. Mai "-ed" abin ya same shi ne, mai "-ing" shi ke jawo wa wasu. "Interested" yana sha'awar kayan, "interesting" shi ne abin sha'awar. "Confused" ya rikice, "confusing" shi ke rikita mutane. "Disappointed" an ba shi kunya, "disappointing" shi ya ba da kunya. A ce motar kamfani ta makara da taki har mako biyu, Alhaji ya zo sau uku yana komawa hannu rabbana, ransa ya ɓaci. Abin da za ka rubuta shi ne "The customer is annoyed", ko "dissatisfied", wato bai gamsu ba. In ka rubuta "The customer is annoying", ka ɗauke laifin daga kan motar ka ɗora wa Alhaji, ka ce shi ne mai damun mutane, kuma babu wanda zai ba shi haƙuri.

Ginin jimlar ba shi da wuya. A Hausa muna cewa sabon kwastoma, sabuwar kwastoma, sababbin kwastomomi, ko mu kawo siffar a baya mu ce kwastoma mai haƙuri. A Turanci siffa gaba take zuwa kuma ba ta canzawa, namiji ko mace, ɗaya ko ɗari: "a loyal customer", "loyal customers", ba a ƙara mata s. Ana sa "an" in kalmar ta fara da sautin wasali, "an occasional customer", "an impatient customer", amma "a one-off customer", domin da sautin w ake furta ta. Korewa kuwa haddacewa ake yi, don kowace da nata kan: "unreliable", "inactive", "impatient", "dissatisfied".

Yadda za ka tsara littafin

Ka sami babban littafi mai bango mai tauri, ka ja layi bakwai a tsaye: suna da gari, abin da yake saye, zuwa, girman saye, biya, wa'adi, sai bayani. Kowane mutum kalma uku yake samu, ɗaya ta zuwa, ɗaya ta girma, ɗaya ta biya, misali "regular, retail, cash" ko "seasonal, bulk, credit". Siffar hali ba ta da layinta; in ta zama dole, a bayani za ta shiga tare da rana. Ka rubuta adadi da ranaku da biro, siffofi kuma da fensir, domin adadi ba ya canzawa amma mutum yana canzawa. Ka zauna da littafin a ƙarshen kowane wata, sannan ka yi masa babban bita bayan kaka da bayan girbin rani, lokacin da bashi ke dawowa. Wanda ya biya sau biyu a jere a kan lokaci, a goge masa "slow payer". In kana da yaron shago, ka karanta masa ma'aunin shafin farko har ya riƙe, in ba haka ba kowa zai riƙa rubuta abin da ya ga dama.

Littafin ba na ajiyewa a kan kantar shago ba ne inda kowa zai buɗa. Sunan wanda ake bi bashi ba ya hawa sitatus na WhatsApp ko Facebook. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, ga kuma abin da kowa ya sani, cewa a ƙauye maganar da aka saki da safe kafin azahar ta isa gidan surukai. In bashi ya ƙi, hanyarsa sananniya ce: kai da shi tukuna, sannan wani dattijo da yake jin nauyinsa, sannan shugaban kasuwa ko mai unguwa.

Kada kuma ka ɗauko "valued customer" ko "esteemed customer" da kake gani a saƙon banki ka sa a layin siffa. Gaisuwa ce da ake tura wa kowa, ba ta rarrabe kowa da kowa. Shi kansa kwastoman, in za ka tuna masa, da harshensa za ka yi: "Baba, barka da hutawa, ya iyali? Dama maganar ranar talatin ga wata ce da muka yi, na ce in tuna maka."

Rahoton da za ka tura wa kamfani adadi yake so, ba sunaye ba, sai in sun nema da dalili. Layi biyu sun isa: "Active customers: 64. Regular 21, seasonal 35, new 8. Credit customers: 12, of which 2 are overdue and 1 is rescheduled due to flood." Kafin ka danna turawa ka haɗa lissafin da kanka, 21 da 35 da 8 su ba ka 64. In ba su haɗu ba, akwai wanda ka ƙirga sau biyu, kuma galibi manomin da ke noman damina da na rani ne, wanda ka sa a "seasonal" ka sake sa shi a "regular". Ka zaɓa masa ɗaya. Mai zuwa damina da rani duka "regular" ne.